Gwajin Fitsari Na Awa 24 Da Ƙwayoyin Sa Ƙiba A Zangunanmu

Duk wanda ya taɓa aikin koyarwa a zango ya san cewa aikin malamin makaranta ba ya ƙarewa da buga ƙararrawar tashi. Da yamma ta yi sai ka ga mutane a ƙofar gida, wannan da takardar kotu, wancan da wasiƙar ɗansa daga Jamus, wani kuma da takardar asibiti, kowa yana so a karanta a fassara masa. A cikin shekarun da muka yi muna wannan aiki na neman lada, babu takardar da ta ɗaure mana kai, ta kuma kusa jawo mana nadama ta har abada, kamar wata 'yar takarda da wani dattijo maƙwabcinmu ya kawo mana wata rana bayan la'asar.

Takardar ta 'yarsa ce, yarinyar da muka koyar tun tana ƙaramar sakandare, a lokacin kuma saura 'yan watanni a ɗaura mata aure. Cikin wata biyar ko shida fuskarta ta cika ta yi zagaye kamar faifai, ciki ya fito, bayan wuya ya yi tozo, amma hannuwa da ƙafafu suka tsotse. Wani ɗan'uwansu da ke zaune a Amurka ya ga hotonta a waya, ya ce wannan ba ƙibar lafiya ba ce, a je a yi mata gwajin wani sinadari da ake kira kotisol a cikin fitsari, ya kuma aiko da kuɗin. Aka yi, sakamako ya fito. Dattijon ya miƙo mana ya ce, “Malam, an ce mini idan cutar ce adadin zai hau sama ƙwarai. To ga shi masu gwajin sun ce ƙasa ya yi. Ke nan lafiyarta ƙalau?” Muka juya takarda gaba da baya, muka ga lalle an ja layi a ƙarƙashin wani ɗan adadi da ya gaza ƙa'ida nesa ba kusa ba. Muka ce masa, “Baba, Turancin dai mun karanta, amma ma'anar ta fi ƙarfinmu. A ba mu kwana ɗaya.”

Daren nan muka nemi wani abokinmu tun na makaranta wanda yanzu likita ne. Abin da muka koya daga bakinsa, da abin da muka bi muka karanta daga baya, shi ne muke so mu shimfiɗa wa masu karatu a wannan wata, domin mun lura wannan gwaji ya fara shiga bakin jama'a, kuma ana kashe kuɗi a kansa ba tare da an san amfaninsa da iyakarsa ba.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da take zaune kamar hula a kan kai, nauyinta bai wuce giram 4 ko 5 ba. Likitoci suna kiranta adirinal, mu kuwa a nan bari mu kira ta hular ƙoda. Ba ruwanta da tace fitsari, maƙwabtaka ce kawai ta haɗa ta da ƙoda. Aikinta shi ne zuba wasu sinadarai cikin jini. Cikinta yana fitar da adirinalin, wanda ke sa gaba ya faɗi idan mutum ya firgita. Ɓawonta kuma yana fitar da sinadarin da ke riƙe gishiri a jiki, da kuma kotisol ɗin da muke magana a kai. Kotisol ne ke taimakawa wajen tsayar da bugun jini kada ya faɗi, shi ne ke hana sukarin jini ƙarewa idan an daɗe ba a ci ba, shi ne ke kwantar da kumburi, kuma idan zazzaɓi ko rauni ko haihuwa ko tiyata ta zo, jiki yakan ninka shi domin ya jure. Mutum zai rayu da ƙoda ɗaya, amma ba zai rayu babu kotisol ba.

Hular ƙoda ba ta yin gaban kanta. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ƙululu kamar ƙwayar wake, sunansa fituwitari, shi ne ke aiko mata da umarni ta cikin jini. Idan ya ga kotisol ya yi kaɗan sai ya ƙara aike, idan ya ga ya wadata sai ya yi shiru. Mai karatu ya riƙe wannan magana, domin a kanta duk labarin yarinyar nan ya rataya.

Wani abu kuma shi ne, kotisol ba ya zama daidai wa daida a jini tun safe har dare. Yana hawa ne gab da wayewar gari, ya kai ƙololuwa jim kaɗan bayan an tashi daga barci, daga nan ya riƙa sauka a hankali har ya kai ƙasa sosai wajen tsakar dare. Saboda haka idan aka ɗebi jini sau ɗaya da rana tsaka, ba a san komai ba tukuna. Mu malamai mun san ma'aunin ruwan sama da ake kafawa a harabar makaranta. Ba a leƙa sama sau ɗaya a ce ga yawan ruwan da aka yi yau, ana barin kwalbar ce ta tara na yini da kwana, da safe a karanta. To haka gwajin fitsari na awa 24 yake. Mafi yawan kotisol da ke jini, wajen kashi 90 cikin 100, a ɗaure yake da wasu sinadarai masu ɗauke da shi, ba ya ratsa matatar ƙoda. Ɗan ragowar da ke sake shi ne mai aiki a jiki, kuma daga cikinsa ne wani ɗan kaso ke zirarewa cikin fitsari. Idan aka tara fitsarin kwana guda cur aka auna, sai a san ko jiki ya yini ya kwana yana ambaliyar kotisol. Abin da ake aunawa ɗan mitsitsi ne, da maikirogiram ake lissafinsa, wato giram ɗaya a raba shi gida miliyan. Iyakar da ake ɗauka lafiya ta bambanta bisa ga irin na'urar da aka yi amfani da ita, shi ya sa kowane ɗakin gwaji ke buga tasa ƙa'idar a gefen sakamako, kuma ba a ɗaukar adadin wani wuri a gwama da ƙa'idar wani.

Cutar da aka fi yin wannan gwaji dominta ita ce wadda ke ɗauke da sunan Harvey Cushing, wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka da ya yi cikakken bayaninta a 1932. Ana furta sunan Kushin. Alamunta su ne waɗanda muka lissafa a jikin yarinyar nan, a ƙara da nankarwa mai faɗi mai duhu a ciki da cinyoyi da hammata, fata ta yi laushi har ɗan bugu ya bar tabo, miki ya ƙi warkewa, ƙuraje da makero su yi yawa, haila ta rikice, gashi ya fito wa mace a haɓa. Cinyoyi sukan mutu, har mutum ya kasa tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa ko bango. A ɓoye kuma hawan jini da ciwon sukari suna shigowa, ƙashi yana zama kamar ɓawon gyaɗa. Yaro idan ya kamu, sai ya yi ta ƙiba amma tsawo ya tsaya.

Irin wadda jiki da kansa ke haddasawa ba ta da yawa, a cikin mutum miliyan ɗaya 'yan ƙalilan ne ke kamuwa a shekara, kuma mata sun fi maza. Kusan bakwai cikin goma na masu ita wani ɗan ƙari ne a fituwitari ke ta aika umarni ba ƙaƙƙautawa, sauran kuwa ƙari ne a hular ƙodar kanta ko a wani wuri kamar huhu. A irin waɗannan mutane fitsari yakan cika da kotisol, wani lokaci ya ninka iyaka sau uku ko fiye. Duk da haka ƙa'idar da ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta fitar a 2008 ta ce kada a tsaya a kan gwaji ɗaya, a tara fitsarin aƙalla sau biyu, domin na yau yakan saɓa da na gobe. Akwai kuma gwaji biyu da ke tafiya tare da shi. Ɗaya na yawu ne da ake ɗiba wajen ƙarfe 11 na dare zuwa 12, lokacin da ya kamata kotisol ya kwanta. Ɗayan kuma a ba mutum miligiram 1 na wani magani da dare, a ɗebi jininsa wajen ƙarfe 8 na safe a ga ko jiki ya ji birki. Gwajin yawu bai dace da masu gadi da direbobin dare da matan da ke tashi ƙarfe 2 na dare su ɗora koko ko wake da shinkafa ba, tun da agogon jikinsu ya juya. Ya kamata mutum ya gaya wa likita irin sana'arsa da lokacin barcinsa.

Tara fitsarin nan a baki da sauƙi, a aikace kuwa akwai wahala, musamman a gidajenmu na haya na Nima da Mamobi da Aboabo inda ɗaki goma ke raba makewayi ɗaya, ko ma sai an fita bayan gida na biya. Yadda ake yi shi ne, idan ka tashi da safe, a ce ƙarfe 6, fitsarin farko ka zubar da shi, amma ka rubuta lokacin. Daga nan duk wanda ya zo, da rana ko da dare, sai ya shiga galan ɗin da aka ba ka, har zuwa ƙarfe 6 na washegari, kuma wannan na ƙarshe yana cikin lissafi. Idan za ka bayan gida ka fara yin fitsarin a mazubi tukuna. Ya fi sauƙi a tanadi wata roba mai tsabta a riƙa yi a ciki ana juyewa. Wasu ɗakunan gwaji sukan zuba ɗan magani a gindin galan don kada fitsarin ya lalace, kada a ɗauka datti ne a wanke. A rufe shi sosai a ajiye a wuri mai sanyi. Mun san babu matar gidan da za ta yarda a sa mata galan ɗin fitsari a firijin da take ajiye miya, ga kuma ɗauke wuta. Bokiti da ƙanƙara a lungun ɗaki, nesa da wurin salla da hannun yara, ya wadatar. Wanda ya manta sau ɗaya ya yi a waje, to ya faɗi gaskiya a sake sabon lale, domin galan da ya rasa kofi biyu zai ba da adadin ƙarya. Masu gwaji ma suna da hanyar ganewa, sukan auna wani sinadari mai suna kiriyatinin a cikin fitsarin, wanda jiki ke fitar da kusan adadi ɗaya kullum. Shawararmu ita ce a zaɓi ranar da ba kasuwa ba aiki, a yini a gida.

Akwai abubuwan da ke karkatar da sakamako ko da an tara daidai. Mai shan ruwa da yawa, lita 5 ko fiye a rana, wato ledar ruwa 10, adadinsa yakan hau ba tare da cuta ba. Mai ciki ma yakan hau mata, musamman daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe. Shan giya mai yawa, matsananciyar damuwa, ciwon sukarin da ba a kula da shi ba, da kwanciya rashin lafiya, duk suna ɗaga shi. Wani maganin farfaɗiya mai suna kabamazafin yana ruɗa wasu na'urorin. Wanda ƙodarsa ta raunana kuwa, nasa ƙasa yake yi ko da yana da cutar, domin matatar ba ta fitarwa.

To, mu koma ga takardar dattijo. Da muka karanta wa abokinmu likita adadin, muka kuma kwatanta masa siffar yarinyar, bai yi wani dogon tunani ba. Ya ce, “Malam, kafin a kashe ko sidi ɗaya a kan gwaji, tambaya biyu ya kamata a yi mata: me take haɗiya, me take shafawa?” Ya ce a duniya duka, abin da ya fi jawo wannan siffa magani ne da mutum ya sa wa jikinsa, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a fara da wannan tambaya kafin a taɓa galan.

Bayanin shi ne, a 1948 a asibitin Mayo da ke Amurka aka fara gwada kotizon, ɗan'uwan kotisol, a kan wata mata da ciwon gaɓoɓi ya kwantar, cikin 'yan kwanaki ta miƙe. A 1950 Edward Kendall da Philip Hench da Tadeus Reichstein suka karɓi kyautar Nobel a kan wannan aiki. Daga nan masana suka ƙera wasu masu ƙarfi fiye da na jiki, waɗanda ake kira sitiroyid. Magunguna ne masu daraja, da su ake ceton masu asma da masu wasu cututtukan ƙoda da na fata, kuma a watan Yuni na 2020 binciken jami'ar Oxford ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu, deksametazon, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da aka sa wa na'urar numfashi. Amma wannan deksametazon ɗin ya fi kotisol ƙarfi wajen sau 25. 'Yar ƙwaya ta rabin miligiram, guda biyu kacal a rana sun zarce abin da jikin babban mutum ke yi wa kansa. Kuma yana buɗe ciki, yana tara ruwa, yana kumbura kumatu. Nan ne aka samu matsala. 'Yan mata masu shirin aure, da ma matan aure masu kishiya, suna saye a kantin magani ko a hannun ƙawaye, sau da yawa haɗe da wani maganin buɗe ciki, a ƙarƙashin sunaye irin su sha-ka-fashe. Dattawa masu ciwon gwiwa da lebura masu ciwon jiki kuma suna samunsa cikin haɗe-haɗen ƙwayoyi marasa suna da ake ƙullawa a leda a tashoshin mota. Suna jin daɗinsa kuwa, domin da gaske yana kashe ciwo.

Ƙofa ta biyu ita ce man bilicin. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar nan ta hana shigo da kayan shafa masu sinadarin haidurokwinon, amma sitiroyid wani abu ne dabam, kuma man da aka yi don likita ya rubuta wa mai ƙaiƙayi na mako ɗaya ko biyu, shi ne ake matsewa cikin man shafawa a mulke jiki duka safe da yamma shekara da shekaru. Wani bincike da aka buga a 2003 a kan matan Dakar ya sami cewa kusan bakwai cikin goma na masu bilicin da aka bincika suna amfani da mai mai ɗauke da sitiroyid. Fata ba bango ba ce, abin da aka shafa mata da yawa yana ratsawa ya shiga jini. Mai karatu ya ɗauki kwali ko bututun man ya duba ƙananan rubutun. Idan ya ga Dexamethasone, Prednisolone, Betamethasone, Clobetasol ko Hydrocortisone, to dangi ɗaya ne.

Yanzu ga warwarar ɗaurin. Idan deksametazon ya cika jini, fituwitari sai ya ɗauka kotisol ya wadata, ya daina aike. Hular ƙoda ta zauna ba aiki, a hankali ta ƙanƙance. Na'urar gwaji kuwa kotisol take nema, ba ta ƙirga deksametazon. Shi ya sa fuska take kumbure amma galan ya ce babu. Misalinsa kamar gidan da wani mai arziki yake aiko wa da abinci kullum, har matar gida ta daina hura wuta, ta sayar da itace, ta ba da aron tukunya. Ranar da aike ya yanke, gidan da yunwa zai kwana, kuma ba a ranar za a haɗa murhu ba. Shan irin wannan magani na mako uku ko huɗu a jere ya isa ya fara kashe murhun, tashinsa kuwa yakan ɗauki watanni, wani har shekara.

Abokinmu ya faɗa mana wannan, ya kuma ƙara da cewa idan aka samu tana shan wani abu, kada a kuskura a tsayar mata da shi farat ɗaya, a kawo ta asibiti da kwalin. A nan ne muka yi kuskuren da ya sa muke wannan rubutu. Washegari da muka haɗu da dattijon a hanya muna sauri za mu makaranta, muka gaya masa rabin farko, wato a binciki abin da take sha, rabi na biyu kuwa muka ce a ranmu sai da yamma idan an zauna. Kafin yamma uwar ta zazzage akwati, an sami ƙwayoyin da bututun mai uku, uban ya fusata ya watsa su a kwata. Da muka je da dare muka tarar gidan ana faɗa da kuka, muka ga ba lokacin magana ba ne, muka dawo. A rana ta uku yarinyar ta fara amai da ciwon ciki da jiri. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka sayo magani. A rana ta huɗu ta faɗi a tsakar gida, ba ta gane mutane. Allah ya taimaka uwar ta tsinci fankon kwali ɗaya ta ƙulle a bakin zane, mu kuma da labari ya iske mu muka bi su asibiti da gudu muka faɗi abin da muka sani. Aka yi mata allurar haidurokotizon, aka ɗaura ƙarin ruwa, kafin gari ya waye ta buɗe ido. Likitan da ya karɓe ta ya ce da an ƙara yini ɗaya a gida, da wani labarin ake yi.

Abin da ya same ta shi ne ɗaya gefen matsalar, wato ƙarancin kotisol. Thomas Addison na asibitin Guy da ke Landan ne ya fara bayyana shi a 1855, kuma da yawa daga cikin marasa lafiyar da ya bincika tarin fuka ne ya cinye musu hular ƙoda. A Turai yau garkuwar jiki ce ta fi jawo cutar Addison, amma a ƙasashenmu tarin fuka bai sauka daga layi ba. Shugaban Amurka John Kennedy ya rayu da ita yana shan magani har aka kashe shi a 1963. Alamunta gajiya marar dalili, rama, rashin cin abinci, jiri idan an miƙe tsaye, kwaɗayin gishiri, da duhun fata. Littattafan Turawa sukan ce mutum yana yin baƙi, wanda a jikinmu ba ya saurin nunawa. Sai dai a duba layukan tafin hannu, da dasashi, da harshe, da tsofaffin tabo. Haka kuma matar da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, daga baya nono ya ƙi zuwa, haila ta ɗauke, ƙarfi ya ƙare, a binciki fituwitarinta, domin zubar jinin kan lalata shi.

Abin lura a nan shi ne, gwajin fitsari ba shi ne ma'aunin ƙarancin kotisol ba. An yi shi ne don kama yawa. Mutane masu lafiya da dama adadinsu na fitsari yakan yi ƙasa, don haka ƙaramin adadi shi kaɗai ba hujja ba ce. Wanda ake zargin hular ƙodarsa ta gaza, jini ake ɗiba da safe wajen ƙarfe 8, idan da shakka a yi masa allurar da ke kwaikwayon umarnin fituwitari, a sake ɗiban jini bayan minti 30 ko 60 a ga ko hular ta amsa. Wanda aka tabbatar masa, yakan sha haidurokotizon miligiram 15 zuwa 25 a rana a rabe kashi biyu ko uku, mafi yawa da safe, a ninka idan zazzaɓi ya zo, idan kuma amai ya hana maganin zama sai asibiti nan take. Irin wannan mutum ya zauna da likitansa tun kafin watan azumi ya kama.

Muna jan kunnen 'yan'uwa game da wani ciniki da ke yawo a waya, musamman daga wajen danginmu na ƙetare. Ana tallar wata cuta wai ita gajiyar adirinal, ana cewa wahalar rayuwa ce ke gajiyar da hular ƙoda, sai a sayar maka da 'yar takardar da za ka jiƙa da fitsari ka aika, daga baya a sayar maka da kwalaben ƙarin kuzari. Wani mutum mai suna James Wilson ne ya ƙago sunan a 1998. A 2016 wasu likitoci biyu na Barazil suka tattara bincike 58 suka tace, suka ce babu hujjar da ta nuna akwai wannan cuta, kuma ƙungiyoyin likitocin fannin ba su amince da ita ba. Gajiya gaskiya ce, ba mu musa ba. Amma a unguwanninmu mai fama da gajiya ya fi kusa da ƙarancin jini, ko ciwon sukari, ko tarin fuka, ko ciwon hanta, ko rashin barci, ko damuwa, waɗanda gwajinsu ya fi araha kuma yana kusa. Abin tsoro ma shi ne an sha samun sitiroyid a ɓoye cikin irin waɗannan kwalabe, ka ga mai neman gyara ya koma mai kashe murhu.

Gwajin kotisol na fitsari ba a kowane asibiti ake yinsa ba, wani lokaci ma sai an aika da samfurin wani gari, kuma ba shi da araha. Saboda haka bai kamata mutum ya rubuta wa kansa ba. A fara ganin likita, a tafi da duk abin da ake sha da wanda ake shafawa cikin leda, har da na gargajiya da na ido da na shaƙa, kada a ɓoye ko ɗaya don kunya. Idan likita ya ga da buƙata zai tura mutum manyan asibitocin koyarwa irin su Korle Bu a Ankara ko Komfo Anokye a Kumasi, inda ake samun ƙwararrun wannan fanni.

Ita dai yarinyar, an mayar da ita kan magani mai sauƙi, ana rage mata kaɗan-kaɗan ana gwada jininta da safe lokaci-lokaci. Sai da aka yi wata takwas kafin likita ya ce hular ƙodarta ta farka. An ɗaga bikin sau biyu, dangin miji sun yi ta ƙorafi, amma an ɗaura. Kumatu sun saɓe, hawan jinin ya sauka, nankarwar ce dai likita ya ce ba za ta ɓace duka ba. Har yanzu tana yawo da wani ɗan kati a jakarta mai bayanin maganin da ta sha da tsawon lokacin da ta yi tana sha, domin an ce mata duk ranar da za ta haihu ko za a yi mata aiki, shi za ta fara miƙa wa ma'aikatan asibiti.